Pang Mai Taliya a Ƙofar Shifu Jin

A garin Taigu babu wanda zai iya cewa ya taɓa ganin Pang Fulai a zaune da rana. Daga hantsi zuwa yamma yana tsaye a rumfarsa ta bakin tashar mota, curin kwaɓin fulawa a kafaɗar hagu, wuƙa a hannun dama, yana feraye shi, siraran taliya na tashi suna faɗawa cikin tukunya. Kafin hantsin kuma, tun gari bai gama wayewa ba, yana tsaye a tsakar gidan Shifu Jin a gindin magarya, ba curi, ba wuƙa. Matarsa Runmei takan ce ita kaɗai ce a lardin Shanxi ta auri mutumin da in ya gaji da tsayuwa yake tafiya gidan wani ya huta a tsaye.

Yadda abin ya soma ba abin alfahari ba ne. Yana da shekara ashirin da shida wani direban motar kwal, wanda ya sha ya yi tatul, ya ce an rage masa nama a kwano. Da hannu ɗaya ya ture shi, Fulai ya zauna daɓas a cikin kwanon kwaɓi. Sai da tasha ta yi mako guda tana dariya. Kawun matarsa, Kawu Wen, ya ji labari, ya ce zai kai shi wurin abokinsa Jin mai gyaran keke, wanda ya gaji shingyi, irin damben nan da ƙarfinsa ba a damtse yake ba, daga ƙasa yake tasowa ya bi ta ƙafa.

Suna tafe a hanya Kawu Wen ya ja masa kunne.

"Ka ji ni da kyau, ɗana. Jin ba ya son mai surutu. Kada ka tambaye shi komai, kada ka roƙe shi komai. Abin da ya sa ka, ka yi. Maganar shiga ƙofa kuwa, ka bar ta a hannuna."

"Wace ƙofa, Kawu?"

"Ka gani ko? Ba mu ma isa ba ka fara."

Ƙofar dai ta wani ɗaki ce a ƙuryar gidan, mai labulen gora. Ɗaliban Shifu, wato malam, kashi biyu ne. Na tsakar gida ana koya musu tsayuwa da naushin farko, wanda ake kira sara, kuma kowa ma yana iya zuwa. Naushin shingyi biyar ne. Sauran huɗun, da abin da malami ba ya iya faɗa sai dai ya nuna da hannunsa a jikinka, a cikin ɗakin nan ake ba da su. Wanda zai shiga sai ya yi shekara uku yana tsayuwa. Sannan wani dattijo ya gabatar da shi, shi kuma ya rubuta sunansa a jar takarda, ya durƙusa ya kai goshi ƙasa sau uku, ya miƙa shayi. In Shifu ya kurɓa, ya zama ɗa a gidan, a rubuta shi a littafin zuriya. Tun ranar da Fulai ya ji ƙarar diddige na dukan daɓen ɗakin nan, ya mance da direban kwal. Shiga ɗakin kawai yake so.

Shifu Jin ɗan tsamurmurin mutum ne, baƙin man keke bai taɓa barin farcensa ba. Ranar farko ya ja ƙafar Fulai ɗaya gaba, ya zaunar da nauyinsa a kan ta baya, ya miƙar masa da hannu ɗaya daidai hanci, ɗaya ya ajiye a gaban cibiya. Ya ce, "Tsaya." Ya koma kan facin tayarsa.

Ba a yi minti uku ba cinyar Fulai ta hau karkarwa kamar ta ɗan akuyan da aka haifa yanzu. Tambaya ta zo masa har maƙogwaro: har yaushe? Ya tuna Kawu, ya haɗiye ta. Haka ya riƙa haɗiye ta kullum har ta daina zuwa.

Shifu ba ya bayani, gyara yake yi. Ya zo wucewa da ƙarfen taya a hannu, ya dangwali ƙugunka da yatsa ɗaya, sai ka ga kana tangaɗi.

"Kafaɗa. Sauke ta, ba curi a kanta yanzu."

Bayan wata biyu: "Gwiwa."

Bayan wata shida: "Saki numfashin nan, kana riƙe shi kamar mai ɓoye wa matarsa warin taba."

A hunturu dusar ƙanƙara takan taru a kan hannun da ke miƙe. A damina sauro ya san cewa mutanen gindin magarya ba sa kai duka. Sun fara su tara, shekara ta zagayo saura huɗu, ta sake zagayowa saura Fulai da wani malamin makaranta, shi ma aka yi masa canjin wurin aiki.

Saura wata biyu shekara ukun ta cika, Kawu Wen ya kwanta ciwon kwana huɗu ya rasu. Fulai na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar, ya yi kuka sosai, don yana son tsohon. Abin da bai faɗo masa a rai ba shi ne maganar ƙofar ma a cikin akwatin take. A fahimtarsa, Kawu zai isar da saƙo ne kawai idan Shifu ya ce lokaci ya yi. Tunda mai isarwa ya tafi, to, Shifu zai faɗa da bakinsa.

Da bazara ta shigo, wata safiya Shifu ya ajiye famfon keke, ya zo ya dafa ƙirjin Fulai da hannu biyu ya tura. Bai motsa ba. Ya ja da baya ya sake turawa da ƙarfi, takalmin Shifu ne ya zame. Tsohon ya daɗe yana kallonsa, ya yi gyaran murya.

"Fulai, ka iya rubutu?"

"Kaɗan, Shifu."

"Shagon da ke kusa da gidan waya, suna da jar takarda mai kyau."

Fulai ya riƙe maganar nan a zuciya wata tara cur. Da sabuwar shekara ta matso ya je ya sayi jar takarda mafi tsada, ya zauna ya rubuta kalmomin fatan alheri da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza, ya je ya manna wa Shifu a ƙofar gida, dama da hagu, yadda ake yi a al'adar sabuwar shekara. Shifu ya fito ya karanta daga sama har ƙasa, ya ce, "Hm." Fulai ya koma gida yana murna, ya shaida wa Runmei cewa Shifu ya ce hm.

Shekaru suka yi ta tafiya. Wasu suka zo bayansa, suka yi shekara ukunsu, iyayensu ko kawunnansu suka zo da jar takarda da ledar shayi, labule ya rufe a bayansu. A shekara ta goma sha ɗaya aka kawo Dou Haibo, ɗan shekara goma sha takwas mai faɗin baki, wanda da Shifu ya juya baya sai ya miƙe ƙafa ya huta. Shi ma ya cika ukunsa a haka, ubansa ya gabatar da shi, ya shige. In ya fito daga ɗakin yana share gumi yakan tsaya a gaban Fulai.

"Baba Pang, yau ma gadin magaryar ake? Ba wanda zai sace ta fa."

Fulai ba ya tankawa, don mai tsayuwa ba ya magana. Amma ba wannan kaɗai ba ne dalili. Gaskiyar ita ce haƙurin ya fara yi masa daɗi. Duk wanda ya wuce shi ya shiga, sai ya ce a ransa: wannan gwajin shekara uku ya ishe shi, ni kuwa Shifu ya ga abin da ya fi haka a jikina, shi ya sa yake ja. Ya shiga sa haƙurin kamar sabuwar riga, har yana ɗan juyawa don a gani.

Kuma ba a ce tsayuwar ba ta yi masa rana ba. Duk masu taliyar tasha bayansu ya ranƙwafa, ban da shi. Wata rana mai babur ɗin kaya ya kwaso gudu ya buge shi a bakin rumfa, babur ɗin ne ya faɗi, curin bai bar kafaɗarsa ba. Aka yi ta ba da labari. Shi dai ya so a ce labarin ya kai gidan Shifu.

Runmei ce ba ta ga abin burgewa ba.

"Baban Yanyan, shekarar da ka fara zuwa gidan nan na haifi yarinyar nan. Ga ta ta fi ni tsawo. Kai har yanzu hannu ɗaya a gaba, ɗaya a ciki, kamar mai ciwon ciki yana tare mota."

"Shifu ya san lokaci."

"To ka tambaye shi mana ko agogonsa ya tsaya."

"Ba a tambaya."

"In ji wa?"

"In ji kawunki."

"Kawuna ya ce kada ka dame shi ranar farko. Ban ji ya ce har a binne ka ba. Kawuna da ko gishiri zai saya sai ya tambayi mai shago sunan kakarsa!"

"Ke ba ki san abin nan ba."

"Ban sani ba kam. Miƙo min tafarnuwa."

A shekara ta ashirin da biyu, da sanyin safiya, Shifu Jin ya sunkuya zai ɗauki buta ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Yana da shekara tamanin. Fulai ya ci gaba da zuwa gidan da ba kowa yana tsayuwarsa, Runmei kuwa ita ke kai kunun gero asibiti. A kwana na shida, suna zaune a bencin baranda, matar Shifu ta dafa mata gwiwa.

"'Yata, in tambaye ki wani abu, ba za ki ji haushi ba?"

"Haba, Inna."

"Me tsohon nan ya yi wa mijinki ne?"

"Kamar yaya?"

"Shekara goma sha tara yana jiran jar takardarsa. Duk sabuwar shekara sai ya sa na ciro kofin nan mai shuɗin baki na wanke, ya ce bana mai taliya zai kawo shayi. In ce masa ka aika a kira shi mana, ya ce shi malami ne, ba mai talla ba, a ina na taɓa jin malami ya roƙi ɗalibi? Daga baya ya ce ƙila yaron ya raina abin da ke hannunsa ne, motsa jiki kawai yake zuwa yi. Ranar da ya faɗi haka ko abinci bai ci ba."

Runmei ta ajiye kwanon kunu a hankali. Ba ta hau mota ba, da ƙafa ta taka har tasha, don tana son ta isa da fushinta cikakke. Tsakar rana ce, rumfa cike da direbobi. Ta sa hannu biyu ta ɗauke curin daga kafaɗar mijinta ta dangwarar a kan tebur.

"Je ka sayo jar takarda."

"Sabuwar shekara ai da saura..."

"Ba ta bango ba, gunkin tasha! Ta sunanka! Jiranka yake yi. Tun Yanyan na 'yar shekara uku yake jiranka."

Fulai ya tsaya da wuƙa a hannu, ruwan tukunya na ta tafasa. Wani direba ya ce, "Maigida, taliyata fa?" Runmei ta ce masa ya ci tafarnuwa tukuna. A ranar ne mutanen tasha suka ga Pang Fulai ya jawo benci ya zauna.

An yi abin ne bayan an sallamo Shifu, a cikin ɗakin mai labule. Fulai ya ɗaga labulen da kansa. Ɗaki ne ƙarami, ya fi ƙanƙanta da yadda ya yi shekaru yana zana shi a ransa: daɓen bulo da diddige ya lotsa a tsakiya, hoton malamin Shifu a bango, tsofaffin tayoyin keke a lungu. Aka ce wa zai gabatar? Duk sa'o'in Kawu Wen sun ƙare. Runmei ta ce ita jinin Wen ce, kuma duk wanda yake da magana ya fito ya faɗa. Ba wanda ya fito.

Ya durƙusa, ya kai goshi ƙasa sau uku, ya miƙa shayi da hannu biyu. Shifu ya karɓa da hagu, rabi ya zube masa a riga, ya kurɓi sauran. Maganarsa a daƙile take fita, sai an kasa kunne.

"Sakarai."

"Na'am, Shifu."

"Na ce maka akwai jar takarda a shago."

"Na saya, Shifu. Na manna muku a ƙofa."

"Na gani. Shekara guda ina wucewa ta tsakiyarta."

Aka yi 'yar dariya. Sai Fulai ya yi tambayarsa ta farko cikin shekara ashirin da biyu, kansa a sunkuye.

"Me ya hana ku faɗa mini, Shifu?"

"Ni? In roƙi ɗalibi?" Tsohon ya ɗaga haɓa yadda ya saba, amma haɓar ba ta zauna a sama ba. Ya dubi hannunsa na dama da ke kwance a cinya kamar na wani. Can ya ce, "Da na roƙa."

Matarsa ce ta rubuta sunan a littafi, na talatin da ɗaya, na ƙarshe. A gidan shingyi kuwa girma ba da furfura ake ƙirga shi ba, da ranar shiga ne. Don haka Fulai, da shekara arba'in da takwas, ya zama autan gida. Dou Haibo, wanda ya zo bikin da tumbi da makullin mota a yatsa, ya tsaya a gabansa yana murmushi har kunne.

"To, ƙane, a gaida manya."

"Barka da zuwa, Yaya."

"Kai, sake faɗa, ban ji ba."

Mako goma sha ɗaya suka samu. Fulai ya bar wa Runmei rumfa, direbobi suka yi ta ƙorafi cewa taliyarta kauri gare ta kamar igiyar ɗaure kaya. Kullum da safe yakan ɗauko Shifu a baya ya zaunar da shi a kujera a cikin ɗakin. Tsohon ba ya iya nunawa, sai dai ya kira shi ya matso, ya kama gwiwar hannunsa da hagu ya murɗa, ya ce, "Nan. Daga ƙafar baya." Naushi na biyu, wanda ake kira huda, sauran sukan yi shekara a kansa. Fulai ya same shi a kwana tara. Da ya sake shi a safiya ta tara ƙura ta zubo daga rufi. Shifu ya yi wani sauti da ba a san ko dariya ba ce ko kuka, ya ce a rufe labule iska na shigar masa ido.

Na ukun ya fi wuya, don sirrinsa a taku yake, kuma mai koyarwar ba shi da ƙafa. Ya gwada da baki, harshe ya ƙi. Ya gwada da yatsu biyu a kan cinya, suna tafiya kamar mutum. Suna tsakiyar wannan ne, lokacin girbin gero, Shifu Jin ya rasu.

Biyu da rabi ke nan cikin biyar. Sauran suna wurin yayyensa talatin, a warwatse. Fulai ya shiga bin su a motar haya duk ranar da kasuwa ba ta ci, da kwalin shayi a hannu. Wasu sun rasu. Wani ya ce ya bari tun da ya yi aure. Uku sun nuna masa naushi na huɗu, kowa da irin nasa, kowa kuma ya rantse nasa ne na Shifu. Shi kuwa ba shi da abin da zai auna su da shi.

Na ƙarshe da ya je wa shi ne Haibo, a garejinsa na manyan motoci a Yuci. Haibo ya yi murna, ya kori masu aikinsa gefe, ya cire riga, ya gyara tsayuwa tumbi na gaba, zai nuna masa takun naushi na uku.

"Kalli nan, ƙane. Hagu ce ke fara... a'a, dama. Tsaya. Hagu, sannan ka ja ta baya... Kai, abin nan da ina barci ma ina yin sa."

Ya yi taku uku, gwiwarsa ta yi ƙara, ya dafa tayar mota yana haki. Da ya ɗago, wasan ya bar fuskarsa.

"Baba Pang, kada in ɓata maka lokaci, ya tafi. Ko lokacin ma ba a jikina ya zauna ba. Ka san abin da yake mana? In ya nuna mana sau biyu mun kasa, sai ya ɗaga gefen labule ya leƙa ka a gindin bishiya, ya ce mana, ku dai ku riƙe siffar, wannan na ƙafar wancan ne in ya shigo. Mu duka mun ji ya faɗa, ba sau ɗaya ba."

"Kuma ba wanda ya fito ya gaya mini?"

Haibo ya sosa ƙeya. "Mun zaci kai ne ba ka so. Yadda kake tsayuwar nan, fuska a sake, wa zai ce akwai abin da kake nema?"

Fulai ya gyaɗa kai. Ya miƙa masa kwalin shayin da hannu biyu, yadda ƙane ke yi wa wa, Haibo ya rasa yadda zai ƙi karɓa. Ya ce ya tsaya su ci abinci, akwai mai taliya a bayan gareji. Fulai ya ce ya gode, motar ƙarfe huɗu ce ta ƙarshe zuwa Taigu, kuma bai kwaɓa fulawar gobe ba.